Amsar da ta zo a makare: yadda ake kafa wa manhaja hujja kafin a damƙa mata rayuka

Ranar 4 ga Yulin 1997 kumbon Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka ya dira a duniyar Mars lafiya ƙalau. Ya sauke 'yar motarsa mai taya shida, Sojourner, ya shiga aiko da hotunan duwatsu da jar ƙasa, duniya tana ta kallo. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutar kumbon ta tsiro da wani hali. Tana tsaka da aiki sai ta kashe kanta ta sake tashi. Abin da ta riga ta tara ba ya salwanta, amma sauran aikin wannan rana ya tafi ke nan sai gobe. Ga shi kumbon yana can nesa fiye da kilomita miliyan 150, inda saƙon rediyo kansa sai ya yi kamar minti 10 a hanya. Ba mai zuwa ya buɗe ya duba.

Injiniyoyin cibiyar JPL da ke Kalifoniya suna da irin kumbon sak a ɗakin gwajinsu. Suka ɗora masa ayyukan da ɗan'uwansa yake yi a Mars, suka sa ana rubuta kowane motsi na kwamfutar. Glenn Reeves, wanda ya jagoranci masu rubuta manhajar, ya bayyana daga baya cewa cikin ƙasa da awa 18 suka sa cutar ta nuna kanta. Da suka bi sawu, ba su tarar da lissafi ko ɗaya da ya karkace ba. Kowane ɓangare na manhajar yana ba da amsar da ta dace. Lokacin zuwan amsar ne ya lalace.

Kwamfutar ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, ayyuka kuwa da yawa, don haka tsarin VxWorks da ke tafiyar da ita yana raba musu lokaci gwargwadon muƙami: idan babba ya tashi, ƙarami ya dakata. Akwai babban aiki mai rarraba bayanai tsakanin sassan kumbon, wanda dole ya kammala zagayensa sau 8 a kowane sakan. Akwai wani ƙaramin aiki mai tattara awon iska da zafi. Su biyun suna shiga ma'ajiya guda mai makulli ɗaya, wanda ya riga ɗauka sai ya gama kafin ɗayan ya taɓa. A tsakaninsu kuma ga ayyuka masu matsakaicin muƙami, waɗanda ba ruwansu da makullin.

A ɗauka gida ne mai rijiya da guga ɗaya. Auta ya ɗauki guga zai ja ruwa, sai maigida ya fito zai yi alwala, ya tsaya jiran yaron ya gama. Kafin yaron ya zura gugan, wani yayansa ya ƙwala masa kira ya aike shi, ya tafi da guga a hannu. Yana dawowa wata yayar ta sake aikensa. Ba wanda ya yi wa maigida rashin kunya, kowa ya bi tsarin girma yadda aka san shi, amma ga babban gida a tsaye lokacin salla yana wucewa. Abin da ya faru a Mars ke nan. Wani sashe da aka sa gadi, da ya ga babban aiki bai kammala a kan wa'adi ba, sai ya ɗauka wani mugun abu ya auku, ya tayar da kwamfutar daga farko kamar yadda aka umarce shi.

Maganin kuwa an san shi tun kafin a harba kumbon. A 1990 Lui Sha da Ragunathan Rajkumar da John Lehoczky, masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon, sun wallafa shi: muddin ƙarami yana riƙe da makullin da babba yake jira, to a ara masa muƙamin babban har ya saki, kada kowa ya katse shi. VxWorks yana da wannan dabara, a kashe kawai take a kan wannan makulli. Aka aika gyara ta rediyo aka kunna ta, cutar ta tafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, injiniyoyin sun taɓa ganin kwamfutar ta yi wannan hali tun kumbon yana ƙasa, amma suka yi ta nema ta maimaita ta ƙi. A Mars sadarwa ta yi kyau fiye da zato, bayanai suka yi yawa, abin da ke faruwa jefi-jefi ya yawaita.

Manhaja mai wa'adi

Yawancin manhajojin da muke hulɗa da su, idan sun yi nawa haushi kawai muke ji. Saƙo ya maƙale a waya, a yi tsaki a sake turawa. Akwai wani jinsi dabam da ido ba ya gani, wanda ke zaune cikin birkin mota, da injin jirgin sama, da 'yar na'urar da ake dasa wa mai ciwon zuciya, da alamun layin dogo, da na'urar gashi ta masu ciwon daji. A wurin waɗannan sharaɗin amsa biyu ne: ta zama daidai, ta kuma zo cikin wa'adi. Jakar iskar da ke kare direba a hatsari dole ta gama cika kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya shuɗe. In ta wuce haka, kan mutum ya riga ya daki sitiyari. Ba sauri ake nema a nan ba, tabbas ake nema. Manhajar da ta amsa cikin ƙiftawar ido sau miliyan, ta makara sau ɗaya, ta faɗi.

Daren 25 ga Fabrairun 1991, ana cikin yaƙin Tekun Fasha, Iraƙi ta harbo makami mai linzami samfurin Scud zuwa Dhahran a gabashin Saudiyya. Akwai na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot a wurin, amma ko yunƙuri ba ta yi ba. Makamin ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka, ya kashe 28, ya raunata kusan 100. Rahoton da ofishin bin diddigi na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 1992 ya ɗora laifin a kan agogo. Kwamfutar tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin goma na sakan, wannan adadi kuwa ba ya rubutuwa cif a lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa in an ce a rubuta shi 0.333. Dole a yanke masa wutsiya. Abin da ake yankewa mitsitsi ne, amma yana taruwa. An ƙera na'urar ne don ta yi 'yan awoyi a wuri a kashe ta a ƙara gaba, wannan kuwa ta haura awa 100 a kunne. Ɓarakar ta kai sakan 0.34. Scud yana cin fiye da kilomita ɗaya da rabi a sakan guda. Rada ta hango shi da farko, ta lissafa inda zai kasance, ta leƙa wurin da ya kauce da fiye da rabin kilomita, ba ta ga komai ba, ta ɗauka ba makami ba ne. Makonni biyu kafin nan sojojin Isra'ila sun ba da rahoton wannan zamewar agogo. Gyararriyar manhaja ta iso Dhahran washegari, ranar 26 ga wata.

Mai karatu zai ce, to ba a gwadawa ne? Ana gwadawa har a gaji. Damuwar ita ce kuskuren lokaci yana ɓuya ne cikin wa ya riga wa. Idan manhaja tana da ayyuka 10, kowanne yana iya kasancewa cikin hali 10, an sami haɗuwar halaye biliyan 10, ba a ma shigo da agogo ba tukuna. Mai gwaji hanya ɗaya yake bi a kowane karo, kuma ba shi yake zaɓar ta ba; ɗan jinkiri kaɗan a wani lungu ya isa ya canja jerin abubuwan da za su biyo baya. Tun wajen 1970 Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya ja kunne cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu shi. Hukumomin sufurin sama kuma suna so yiwuwar lalacewar da za ta kai ga asarar jirgi kada ta wuce sau ɗaya cikin awa biliyan ɗaya na tafiya. Awa biliyan ɗaya kusan shekara 114,000 ne. A 1993 Ricky Butler da George Finelli na cibiyar NASA da ke Langley suka nuna da alƙaluma cewa ba wani gwaji da zai iya shaidar irin wannan aminci. Abin da ya rage shi ne hujja, irin wadda ake kafawa a darasin lissafi, wadda in ta tsaya ta game kowane hali gaba ɗaya.

A rage abu zuwa ƙashinsa

Kafin a kafa hujja sai an yi samfuri, wato a tuɓe wa abu duk wani ado a bar ƙashi. Mu ɗauki mahaɗar titi da layin dogo mai shingen da ke sauka da kansa. Mai samfuri ba ruwansa da launin jirgi ko yawan taragu. Jirgi halinsa uku ne: yana nesa, ya gabato, yana kan mahaɗa. Shinge halinsa huɗu: a ɗage, yana sauka, a sauke, yana ɗagawa. Kwamfuta tana tsakaninsu. Sai a rataya wa kowanne agogo, a rubuta ƙa'idojinsa. A ce, alal misali, jirgi ba ya isowa ƙasa da sakan 30 bayan ya taka alamar gabatowa, kwamfuta tana ba da umarni cikin sakan 2, shinge yana ɗaukar sakan 10 zuwa 15 kafin ya gama sauka. Daga nan a rubuta abin da ake nema. Na farko, kada a taɓa samun jirgi a kan mahaɗa shinge bai sauka ba. Na biyu, in jirgi ya wuce, shinge ya ɗaga cikin ƙayyadadden lokaci. Kada a raina na biyun: shingen da ya sauka ya ƙi ɗagawa har abada ya cika sharaɗin farko sarai, amma ya kashe titi.

Lissafin jirgi ɗaya yaro ma zai yi shi: 2 da 15 sun ba da 17, bai kai 30 ba, an tsira. To idan jirgi na biyu ya taka alama daidai lokacin da shinge yake tsakiyar ɗagawa fa? Kwamfuta za ta ji shi, ko tana jiran shinge ya gama? A irin wannan lungu hankalin ɗan Adam yake tsallake, kuma nan ne na'urar bincike take da amfani.

A 1977 Amir Pnueli ya kawo wata hanyar rubuta maganganu irin su "har abada ba za a yi kaza ba" da "ko ba daɗe za a yi kaza" cikin harshen lissafi. A 1981 Edmund Clarke da Allen Emerson a Amurka, sannan a 1982 Jean-Pierre Queille da Joseph Sifakis a Grenoble ta Faransa, kowa da nasa aikin, suka nuna cewa kwamfuta tana iya karɓar samfuri da sharaɗi, ta bi duk halayen da samfurin zai iya shiga, ta dawo da hukunci. In sharaɗi ya tabbata ta ce ya tabbata. In ya karye ta kawo labarin yadda ya karye daki-daki: jirgi ya yi kaza, kwamfuta ta yi kaza, sai ga jirgi a mahaɗa shinge a sama. Wannan aiki ya sa aka ba Clarke da Emerson da Sifakis kyautar Turing ta 2007, mafi girma a fagen ilimin kwamfuta.

Agogo ne ya so ya gagara. Tsakanin sakan 10 da sakan 15 akwai lokuta marasa iyaka, abin da ba shi da iyaka kuwa ba a bin sa ɗaya bayan ɗaya. A 1990 Rajeev Alur da David Dill na jami'ar Stanford suka warware ƙullin. Sun nuna cewa ba kowane bambancin lokaci ne yake canja hukunci ba; abin lura shi ne wace iyaka kowane agogo ya ƙetare, da wane agogo zai riga wani kaiwa ga iyaka ta gaba. Da haka lokuta marasa adadi suka tattaru cikin rukunoni masu ƙirguwa. A kan wannan tushe jami'ar Uppsala ta Suwidin da ta Aalborg ta Denmak suka gina manhajar bincike mai suna UPPAAL, wadda ta fito a 1995, sunanta ma haɗin sunayen garuruwan biyu ne.

Ba a daɗe ba ta nuna amfaninta. Kamfanin Bang & Olufsen na Denmak, mai ƙera kayan sauti da talabijin, yana da wata ƙa'idar da na'urorinsa ke bi wajen magana da juna ta waya ɗaya. Layi 2,800 ne na rubutu, an yi kusan shekara 10 ana amfani da shi, kuma kamfanin ya san cewa lokaci-lokaci saƙo yakan ɓace, amma gwaji ya kasa nuna dalili. A 1997 Klaus Havelund da Arne Skou da Kim Larsen, tare da Kristian Lund daga kamfanin, suka mayar da ƙa'idar samfuri suka miƙa wa UPPAAL. Ta fito da kuskuren, da jerin matakai kusan 2,000 da sai an bi su a jere kafin ya bayyana. Wane mai gwaji ne zai dace da irin wannan jeri da gangan?

Havelund ɗin nan dai, a wannan shekara, ya yi wani aiki a cibiyar NASA ta Ames tare da Michael Lowry da John Penix. Sun ɗauki wani yanki na manhajar da za ta tuƙa kumbon Deep Space 1 da kanta, suka bincike shi da SPIN, na'urar binciken da Gerard Holzmann ya ƙirƙira a cibiyar bincike ta Bell Labs. Suka tono kurakurai biyar, aka gyara. A watan Mayun 1999, kumbon yana sararin samaniya ana gwada manhajar, sai ta cije, sassa biyu kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Da aka duba, kuskuren irin ɗaya daga cikin biyar ɗin ne sak, amma a wani yankin da ba a kai ga bincikarsa ba.

Jirgin da ba shi da direba

Akwai masu ganin cewa a rubuta manhaja sannan a koma neman aibinta zagaye ne. Me zai hana a gina ta daga hujja tun farko? Jagoran wannan ra'ayi shi ne Jean-Raymond Abrial, Bafaranshe, mai hanyar da ake kira B. Ana farawa da bayyana abin da ake so a dunƙule cikin lissafi, misali cewa jirage biyu ba za su taɓa kasancewa a yanki ɗaya na layi ba. Sai a riƙa ƙara bayani mataki-mataki har a kai ga abin da kwamfuta za ta iya aiwatarwa. Kowane mataki yana haifar da bashin hujja: sai ka nuna cewa abin da ka ƙara bai warware alkawarin da ka ɗauka a matakin baya ba. Ba a wucewa sai an biya.

Da wannan hanya kamfanin Matra Transport ya rubuta sashen tsaro na manhajar layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Faris, babban birnin Faransa, wanda aka buɗe a Oktoban 1998 ba tare da direba ba. Samfurin ya kai layi 110,000, daga cikinsa aka fitar da layi 86,000 na manhaja cikin harshen kwamfuta na Ada. Bashin hujja ya kai kusan 28,000. Kwamfuta ta biya mafi yawansa da kanta, saura fiye da 2,000 sai da mutane suka zauna suka yi mata jagora, aikin da ya ci watanni. A cikin wannan zama aka gano kurakurai da dama aka gyara. Bayan an kammala hujja, masu tantancewa sun gwada manhajar a ɗakin gwaji da kan layin dogo, ba su ƙara samun kuskure a wannan sashe ba, kuma ta yi shekaru tana aiki ba a taɓa ta ba. A yau jiragen layin suna iya bin juna da tazarar da ba ta kai minti ɗaya da rabi ba, cike da mutanen da yawancinsu ba su taɓa jin sunan Abrial ba.

A sama ma haka. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta daga filin harba rokoki na Kourou, saboda wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa a manhajar da aka gado daga Ariane 4. Kwamfutar ko-ta-kwana tana ɗauke da manhaja iri ɗaya, ita ma ta faɗi a kan dalili ɗaya. Wannan asara ta sa masana'antu suka waiwayi wani nazari da Patrick Cousot da matarsa Radhia Cousot suka gabatar tun 1977. Radhia haifaffiyar Sakiet Sidi Youssef ce a Tunisiya, ta yi karatun injiniya a Aljeriya kafin ta tafi Faransa, ta rasu a 2014. Dabararsu ita ce, maimakon a bi kowane adadi da manhaja za ta iya riƙewa, a bi iyakokinsa: wannan ba ya yin ƙasa da kaza, ba ya haura kaza. Irin wannan bincike yana iya yin ƙararrawa inda babu haɗari, amma ba ya yin shiru inda akwai shi. A Nuwamban 2003 manhajarsu mai suna Astrée ta bi layi 132,000 na manhajar sarrafa tafiyar jirgin Airbus A340 cikin awa ɗaya da minti 20, ta tabbatar babu inda adadi zai cika ya tumbatsa ko a raba da sifili, ba ta kuma yi ƙararrawar banza ko ɗaya ba.

Saura tambayar wa'adi kanta: mene ne mafi tsawon lokacin da wannan aiki zai iya ɗauka? A riƙe agogo a auna ba ya wadatarwa, don abin da aka auna shi ne mafi tsawon da aka gani, ba mafi tsawon da zai yiwu ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zamani tana da 'yar ma'ajiya a kusa da ita. In abin da take nema yana ciki ta ɗauka nan take, in ba ya ciki sai ta je babbar ma'ajiya, tafiyar da kan ninka lokacin sau goma ko fiye. Almajiran Reinhard Wilhelm a Saarbrücken ta Jamus sun yi amfani da nazarin su Cousot suka gina manhajar aiT, mai lissafa iyakar da aiki ba zai taɓa ƙetarewa ba, kuma an yi amfani da ita wajen tantance manhajar jirgin A380.

Tsada, da iyakar hujja

Abin yana da tsada, ba a ɓoye wannan. Lokacin da masu bincike a cibiyar NICTA ta Ostareliya, ƙarƙashin Gerwin Klein, suka kammala hujjar ƙwayar tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna seL4 a 2009, manhajar layi 8,700 ce, hujjarta kuwa layi 200,000, aikin da ya kai shekara 20 in da mutum ɗaya ne zai yi shi. Ba wanda zai yi wa manhajar wasa wannan hidima. Amma a ganina wanda ya kawo uzurin tsada a kan ɗan sashen da rai ya rataya a wuyansa bai yi lissafi daidai ba, don wannan sashe yawanci ƙarami ne, kuma galibin ribar tana zuwa ne tun kafin a kai ga hujja. Da zarar an tilasta wa injiniya ya rubuta abin da yake nufi ba tare da "ai an gane" ba, sai giɓin da ke cikin tunaninsa ya fito fili.

Ƙasashenmu masu saye ne a wannan kasuwa. Muna sayen jiragen ƙasa da alamunsu, da na'urorin asibiti, da kwamfutocin sarrafa wutar lantarki, alhazanmu kuma kowace shekara suna hawa jiragen da manhaja ke riƙe da fukafukansu. Ƙa'idar Turai ta manhajar layin dogo, EN 50128, ta ƙarfafa amfani da hujjar lissafi a mataki mafi tsanani, ƙa'idar jiragen sama ta DO-178C kuma ta zo a 2011 da ƙarin kundi na musamman a kan haka. Ina so a ce a teburin da ake sa hannu a kwangila akwai injiniya namu da zai iya tambaya: me aka tabbatar, a kan wane zato, ina takardar? Koyon wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji na miliyoyi. SPIN kyauta ce, UPPAAL ma kyauta ce ga masu karatu da bincike, kuma samfurin mahaɗar jirgin nan ɗalibi a Zariya ko Kano ko Yamai zai iya gina shi a kwamfutar cinya.

Sai dai hujja abin da aka rubuta mata kawai take tabbatarwa. Ranar 14 ga Satumban 1993 jirgin Lufthansa samfurin Airbus A320 ya taso daga Frankfurt zai sauka a Warsaw ta Poland cikin ruwan sama. Akwai ƙa'ida mai kyau a kwamfutar jirgin: kada a bar matuƙi ya juya ƙarfin inji baya alhali jirgi yana sama, don yin haka halaka ne. To ta yaya kwamfuta za ta san an sauka? Masu zane suka ce, in nauyi ya danne manyan ƙafafun biyu, hagu da dama. Faya-fayan da ke ɗagowa a kan fukafukai su tare iska kuma suna iya buɗewa in tayoyi suna juyawa da ƙarfi. A ranar an shaida wa matuƙa cewa iska tana bugowa daga gefe, suka ƙara gudu suka karkata jirgin dama. Ƙafar dama ta taɓa ƙasa, ta hagu ba ta taɓa ba sai bayan sakan 9, tayoyi kuma suna sulɓi a kan ruwa. Duk tsawon wannan lokaci jirgi yana kan titi yana gudu, kwamfuta tana ganin yana sama. Titi ya ƙare, jirgin ya daki tudun ƙasa ya kama wuta, mutum 2 suka mutu cikin 70. Masu bincike sun ga laifin matuƙa da na bayanin iskar da aka ba su, amma Airbus ma ya sassauta ma'aunin nauyin daga baya. Manhajar ba ta saɓa wa abin da aka rubuta mata ba ko da ɗigo. Ma'anar "an sauka" ce ba ta game kowane irin sauka ba.

Haka lamarin Boeing 737 MAX, wanda ya ci rayuka 346 a haɗura biyu, na Indonesiya a Oktoban 2018 da na Habasha ranar 10 ga Maris 2019, inda Nijeriya ta rasa Farfesa Pius Adesanmi. Manhajar da ke danna hancin jirgin ƙasa ta yi aikin da aka tsara mata. An tsara ta ne ta gaskata ma'auni guda ɗaya, ma'aunin kuma ya ba da bayanin ƙarya.

Yanzu wata sabuwar wahala ta taso daga wajen masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kasuwa ta koma ga masu ciki biyu da huɗu da takwas, irin na wayoyin hannu, kowane ciki yana nasa aikin a lokaci guda, amma duk suna bin hanya ɗaya zuwa babbar ma'ajiya. Aikin da aka lissafa wa wa'adi yana shi kaɗai yana iya ninka lokacinsa in maƙwabcinsa ya cika hanyar, kuma dabarun da suka yi aiki a kan A380 ba su shirya wa wannan cunkoso ba. A 2016 hukumomin tantance jiragen sama suka fitar da takardar jagora mai suna CAST-32A a kan batun, masana kuma suna ta aiki. Kafin a kai ga mafita mai gamsarwa, akwai masu ƙera na'urorin jirage da sukan sayi ƙwaƙwalwa mai ciki huɗu, su kashe uku su bar ɗaya yana aiki, saboda shi kaɗai suke iya lissafa wa wa'adi su sa hannu.